Cindo Mai Cika Wata

A Kwarin Tsamiya, wani ƙauye da ke manne da gandun daji, an yi wani mutum ana ce masa Cindo, saboda da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu. Ya kusa shekara arba'in, ƙato ne, ga ƙarfi, ga ladabi, ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan kowa. Aibinsa ɗaya ne tak: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya ƙara mata komai, ba ya rage mata komai. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Ladidi, da tsohuwarsa Inna Kulu wadda idonta ya fara rauni. Sai akuya guda da 'yan kaji.

Ladidi ta sha wuya kafin ta koyi auna magana da shi. Ta taɓa ce masa, "Malam, ɓerayen nan za su ƙarar mana da dawa a rumbu, don Allah ka ga bayansu." Ya wuni a tsugune a gindin rumbu, da la'asar ya shigo yana fara'a ya ce, "Na gani, Ladidi. Bayansu toka-toka ne, ga wata doguwar wutsiya." Kafin a ankara ɓeraye sun yi wa dawar mummunan ci, tun bazara ba ta yi nisa ba rumbu ya koma fayau.

Da abin ya kai ana kwana da kunu tsararo, sai yayarsa Tasalla ta sa wa mijinta kuka a kan ya samo wa Cindo abin yi. Mijin nata shi ne Saje Korau, tsohon soja, shugaban masu gadin gandun. Yana da mutum huɗu a ƙarƙashinsa, da dogayen bindigogi uku, da wasu tsofaffin ƙananan bindigogi guda biyu da ake kira libarba, masu ganga mai rami shida da ke juyawa. Harsasan libarbar nan ba a zura su ɗaya-ɗaya. Sai an jera su a jikin wani ɗan faifan ƙarfe siriri, faɗinsa bai kai marfin gwangwanin madara ba, mai gurbi shida, sannan a jefa su cikin ganga gaba ɗaya. Danna harsashi cikin gurbin nan aikin ƙarfin yatsa ne, Saje kuwa sanyi ya kama masa yatsu, suna ƙagewa, kuma ba ya so manyansa na birni su sani su sallame shi. Ya dubi hannun ƙanin matarsa, kowane yatsa kamar taɓarya, ya ce a ransa, ai wannan ko ba ya da kai yana da hannu. Ya ɗauke shi aikin shara da cika faifai.

Wata rana, ranar da Cindo ya fara aiki ke nan, Saje ya zaunar da shi a ɗakin ajiyar makamai, ya ɗaga faifan ya ce, "Ka ga wannan? Waɗanda suka ƙera shi wata suke ce masa, don zagaye yake. Mu ma haka muke kiransa." Ya nuna masa yadda ake kama wuyan harsashi a danna shi cikin gurbi. Cindo ya gwada, nan da nan hannunsa ya faɗa. Saje ya ji daɗi ya ce, "Madalla. Za mu filin gwaji da yara. Ka zauna nan, kada ka fito sai wata ya cika, sannan ka kawo mana." Suka tafi, suka kafa allo a jikin shuri, suka tsaya. Rana ta take, inuwa ta gudu, ba Cindo ba labarinsa. Kofur Arzika, mataimakin Saje, ya ce, "Yallaɓai, ko surukin naka barci ya yi?" Saje ya dawo a fusace, ya tura ƙofa, ya tarar da Cindo zaune a kan tabarma, faifan a cike a gabansa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Me kake jira?"

"Cikar wata, Yaya. Yau uku ga wata, saura kwana goma sha ɗaya. Na so in aika wa Ladidi ta riƙa kawo mini abinci nan, sai dai ka ce kada in fito."

Saje ya fizgi faifan ya kaɗa masa a gaban hanci. "Wannan! Wannan nake nufi! Daga yau in ka ji na ce wata, to wannan ne, ba na sama ba. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Wata rana kuma, da aka je harbi, harsashi ɗaya ya suɓuce daga faifai ya faɗi cikin yashi, don bai zauna daram ba. Saje ya kira Cindo ya ce, "Ba a sakin harsashi a rabin hanya. Ka danna shi har sai ka ji ya ce ƙas. Wanda bai ce ƙas ba, ban yarda da shi ba." Ya bar masa akwati guda da faifai goma, ya tafi zagaye. Da ya dawo da azahar ya tarar faifai biyu kawai aka cika, sauran harsasan an tara su gida-gida a kan tabarma kamar mai tallar goro. Cindo ya kafa kunne a jikin wani faifai, ya ɗaga wa Saje hannu wai ya yi shiru.

"Ina sauran takwas ɗin?"

"Yaya, goma sha biyu ne kawai suka ce ƙas. Waɗannan ƙis suka ce. Waɗancan ƙwas. Wannan guda ɗayan kuwa sau biyar ina sa shi, ban gane abin da yake cewa ba."

Saje ya cire hularsa, ya shafa kansa, ya mayar. Ya ce, "Cindo, ko kukan jaki suka yi, in dai sun zauna, ka bar su." Cindo ya ce to, amma dai zai saurara, in ya ji na jaki zai faɗa masa.

Wata rana aka zo kan cirewa. In an gama harbi, kwankon harsasan yana maƙale a jikin faifai, kuma fitar da shi ya fi sa shi wuya. Akwai wani ɗan bututun ƙarfe da ake zura wa kwanko a murɗa ya fita, amma Arzika ya tafi da shi a aljihu ƙauyensu wajen suna. Saje yana sauri zai je gaban dagaci, ya ce, "Ba wani abu ba ne. Ka kama, ka murɗa, ka zare, kamar dai yadda ake cire haƙori." Cindo kuwa ya san cire haƙori sarai, don bara wanzami ya cire masa na turmi. Ya je ya aro awartaki a maƙera, ya danne kowane faifai da gwiwa kamar yadda aka danne shi, ya riƙa fizgar kwanko yana cewa, "Yi haƙuri, yanzu za a gama." Da ya gama, ya tuna abin da wanzamin ya sa shi yi daga baya. Ya ɗumama ruwa a ƙwarya, ya zuba gishiri cikin tafin hannu biyu, ya tsoma faifan duka, ya bar su su kwana a ciki don kada su kumbura.

Da safe Saje ya leƙa ƙwaryar, ya ga ruwa ja kamar an jiƙa kanwa da jar dawa. Ya tsamo faifai ɗaya, tsatsa ta rufe shi, ga shi a karkace kamar busasshen ganye. Ya fita ya zagaya ginin sau biyu, yana ambaton Allah, sannan ya dawo. Abin da ya sa ransa ya ɓaci haka, faifai in ya lanƙwashe ko kaɗan ganga ba ta juyawa, bindiga ta zama guduma. Kuma faifan nan ba a sayar da su a kasuwa, tun zamanin da aka kawo bindigogin suke, guda ashirin da huɗu ne a duk gandun.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na cire musu, Yaya, ko ɗaya bai yi jini ba."

Wata rana, bayan sun kankare tsatsar da toka da ɓawon lemun tsami, Saje ya ce sai a tantance waɗanda suka lanƙwashe. Ya kawo wani tebur mai shimfiɗaɗɗen kai, ya ce, "Ka kwantar da kowanne a nan. Mai lafiya zai kwanta lif. Wanda ka ga ya yi rawa, ya tashi aiki, ka jefa shi a ramin shara." Cindo ya jera su duka ashirin da huɗu, ya zuba musu ido. Ba wanda ya motsa. Ya jira, shiru. Ya ce a ransa, ai ko ni ne ba zan taka haka kawai a bushe ba. Ya naɗe hannun riga, ya shiga dukan tebur da tafi biyu, irin kiɗan da ake yi wa manoma a gayya. Faifan nan suka hau tsalle suna ƙara, wani har yana juyi. Cindo ya girgiza kai cikin takaici, ya kwashe su a gefen riga, ya kai ramin shara ya watsa.

Da Saje ya dawo ya ce, "Nawa suka tsira?"

"Ko ɗaya, Yaya. Duk 'yan rawa ne. Akwai wani ƙarami ma da ya fi kowa iyawa."

Ranar masu gadin gandu huɗu da shugabansu a cikin ramin shara suka wuni, da rariya a hannu, suna tankaɗe toka da kashin awaki. Mata masu dawowa daga rafi suka tsaya suna kallo, ɗaya ta ce, "Sannunku da aiki, Saje, zinariya aka gano ne?" Suka samo ashirin da uku. Na ashirin da huɗun sai bayan kwana biyu aka gan shi rataye a wuyan wata tunkiya, mai ita ya ɗaura mata a matsayin ado. Saje da kansa ya zauna ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da waɗanda za su miƙu, bakwai kuwa sai haƙuri.

Wata rana aka aiko cewa babban jami'i zai zo daga birni duba ma'aikata da kayan aiki. Saje ya hana kowa sakat, aka share fili, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Ana gobe zuwan ya ce wa Cindo, "Faifan nan ka shafa musu mai don kada tsatsa ta dawo."

Cindo, wanda ya fara tsoron kuskure, ya ce, "Wane mai, Yaya?"

Saje yana fama da maɓallin riga da yatsunsa suka ƙi kamawa, ya daka masa tsawa, "Mai dai, mai! Wane mai ka sani?"

Man da Cindo ya sani shi ne man shanun da Ladidi ta soya ta ɓoye a ƙarƙashin gado, tana ɗiba da tsinken cokali saboda miyar Inna. Ya je ya ɗauko kwalbar, ya dulmiya faifan ciki, ya cika su da harsasai, ya jera a jakunkunan fata da ake ratayawa a ɗamara. Da gari ya waye kowa ya suri ɗamararsa ya ɗaura. Jami'i ya iso a mota, aka yi layi, Saje ya ba da umarni kowa ya ƙame. Jami'in ya fara tafiya a hankali yana duban takalma. Sai Kofur Arzika ya ɗan motsa ƙugu. Saje ya harare shi. Ya sake motsawa, gumi ya karyo masa. Can sai ya kai wa cinyarsa mari, ya yi tsalle, ya ce, "Wayyo Allah!" ya zura bayan gini yana kwance wando. Cinnaku ne suka bi ƙamshin mai suka cika jakar, da suka ji ɗumin jiki suka bazu. Shi ma Saje suna cikin rigarsa, amma ya cije, ya tsaya ƙyam, hawaye na bin kumatunsa.

Jami'in ya ce, "Saje, wannan wane irin fareti ne? Kuma ƙamshin me nake ji kamar gidan suna?"

Kafin Saje ya buɗe baki, Cindo ya taso daga inda yake riƙe da tsintsiya, ya durƙusa ya ce, "Man shanu ne, ranka ya daɗe. Na Ladidi ne, da albasa take soya shi."

Jami'in ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, ya daɗe bai juyo ba. Amma da zai shiga mota ya ja Saje gefe ya ce, "Na san aikinka tun da daɗewa, shi ya sa zan rufe ido yau. In na dawo na sake tarar da irin wannan, kai da shi za ku tafi tare."

Da yamma Saje ya shiga gida ya ce wa Tasalla, "Na yi iya yina. Yaƙi na je na dawo da gashina baƙi, ƙaninki ya furfurar da ni a kwana arba'in." Tasalla ta ce, "Ka dubi Inna, Saje. In ka kore shi me za su ci?" Ya ce ko buhun dawa ne ya riƙa aika musu daga gonarsa, ya fi masa sauƙi. Washegari ya kira Cindo, ya sassauta murya don shi ma abin bai yi masa daɗi ba, ya ce, "Cindo, aikin nan ba naka ba ne. Ka ci gaba da zuwa, amma ƙarshen wata ka tsaya." Cindo ya ce to. Ya ɗauki faifai guda, ya ɗora yatsa a bakinsa, ya bi shi a hankali har ya dawo inda ya fara. Ya sake zagayawa. Ya ɗago kai fuskarsa cike da murna.

"Na gode, Yaya. Allah ya saka da alheri. Ba shi da ƙarshe."

Saje ya dafe kai. Ya tafi gindin tsamiya ya zauna shi kaɗai, har aka kira azahar.

Wata rana, saura kwana uku watan sama ya mutu, abin da ya faru ya faru. Kwana ɗaya kafin ranar an kawo sabon akwatin harsasai daga birni, don tsofaffin sun fara ƙin tashi, in ka harba uku sai ɗaya ya yi shiru. Saje ya gwada sababbin a fili, shida ya harba, shida suka shiga tsakiyar allo. To a wannan rana da hantsi, su Arzika duk sun shiga cikin gandu da dogayen bindigogi, daga Saje sai Cindo a ofis. Sai ga wata mata a guje, ba ɗankwali, tana ihu. Ta ce kura ta fito fadama ido na ganin ido, ta yaga akuya, bakinta na dalala, ba ta gudun mutane. Kowa ya san kurar da ta fito da rana tana tunkarar jama'a ba lafiya gare ta ba, ga shi ta fadamar nan yara ke bi zuwa rafi.

Saje ya zauna a bakin ƙofa yana kokawa da igiyar takalmi, ya ƙwala kira, "Cindo! Cika wata da harsasan da na harba jiya, ka jefa a bindiga ka miƙo mini. Yi sauri!" Yana nufin na sabon akwati. Cindo ya shiga ciki, aka ji ƙas, ƙas, ƙas har sau shida, ya fito da libarba a rufe, ya miƙa da hannu biyu. Shekara talatin Saje bai taɓa karɓar bindiga daga hannun wani bai buɗe ya duba ba. Ranar kuwa, matar nan tana tsaye a kansa tana cewa ɗanta na rafi, sai ya soka bindigar a kube kawai ya bi bayanta.

Suka tarar da mutane sun yi cirko-cirko a kan tudu da sanduna, ba mai iya sauka. Ƙasa kuwa gamba ce ta fi ƙugun mutum. Wani ya nuna da sanda ya ce, "Ga ta can, Saje! Ga ciyawa na motsi!" Saje ya sauka a hankali, ya zare bindiga. Ya ga ciyawa na rabewa, ya ga wani baƙin abu mai tudun baya yana rarrafe, yana tsayawa, yana ci gaba, ya doshi hanyar rafi. Tsakaninsu bai fi taki goma sha biyu ba. Ya riƙe da hannu biyu, ya auna tsakiyar baƙin nan, ya ja kunama.

Ƙas.

Ya sake ja. Ƙas. Ya ja na uku. Ƙas. Zuciyarsa ta yanke, ya fara ja da baya yana laluben wuƙa. Sai abin ya tsaya cik. Wani dogon baki ya ɗago daga cikin ciyawa, kan burtu ne, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi in za su yi sanɗa. A ƙarƙashinsa kuma ga fuskar mutum, da farin gemu. Baba Nomau ne, tsohon maharbin ƙauyen, sanye da baƙar rigarsa ta farauta. Kunnensa ya yi nauyi, bai ji ihun da ake yi a tudu ba. Shi ma labarin kurar ya ji, ya sulalo yana bin sawunta.

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "A'a, Saje, kai ma ka fito? Ai ta haye rafi tun ɗazu, ga sawunta nan. Yaran na kora su gida."

Saje ya buɗe ganga, ya zazzage faifan a tafinsa. Kwanko shida ne, duk fanko, bakinsu baƙi da hayaƙin jiya. Ya zauna daɓas a cikin laka. Baba Nomau ya matso, ya dubi bindigar, ya dubi inda ya taso, ya dubi fuskar Saje. A hankali ya kwance kan burtun ya ajiye, ya zauna kusa da shi.

"Sau nawa ka ja?"

Saje ya ɗaga yatsa uku.

"Kuma an ce ba ka kuskure."

"Ba na yi, Baba."

Tsohon ya yi salati. Jikoki tara yake ciyarwa a gidansa. Can ya ce, "Wa ya ɗura maka ita?" Saje ya kai baki kusa da kunnensa ya ce Cindo ne. Baba Nomau ya ce, "To ka gaishe shi. Ka ce akwai cinyar barewa tana zuwa." Kurar kuwa sai bayan kwana biyu su Arzika suka same ta a bakin wani kwazazzabo suka gama da ita.

Da Saje ya koma ofis, wandonsa duk laka, ya tarar da Cindo na shara. Cindo ya jingine tsintsiya ya ce, "Sannu da dawowa, Yaya. Sun yi aiki?"

Saje ya cika ƙirji da iska zai yi tsawar da ya saba, sai ya ji ba ta nan. Ya ce a hankali, "Me ka sa mini a ciki?"

"Waɗanda ka harba jiya. Biyar suna cikin gwangwani, na shidan da ƙyar na gano shi, ya faɗa cikin ƙaya. Ka ga hannuna."

Saje ya dubi hannun, duk ƙaya ta karce shi. Ya ce, "Je ka wanke. In an yi magariba ka zo gida, tare za mu ci tuwo."

Tasalla da ta ji labari sai da ta yi kuka, sannan ta kama zakara ta yanka. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye akushi da kwanon miya, ta koma bakin murhu tana kallonsu. Saje ya gyara murya ya ce, "Cindo, maganar barin aiki na janye ta. Ni na yi ganganci yau, Allah ya rufa mini asiri ta hannunka. Zan riƙa duba duk abin da ka miƙo mini, sau biyu ma, amma ba inda za ka. Daga yau kai ne hannun damana."

Cindo ya ce, "To, Yaya."

Ya tashi ya zagayo, ya zauna a gefen Saje na dama, ya wanke hannu tas. Saje ya yi bisimilla ya miƙa hannu zai gutsuri tuwo, sai Cindo ya kama hannun cikin ladabi ya mayar masa kan cinya. Ya yanko wata loma kamar ƙwan jimina, ya mulmula, ya dulmiya ta a miya, ya ɗora tsoka a kai, ya kai ta daidai bakin Saje.

"Buɗe, Yaya."

Tasalla ta toshe baki da gefen zane. Saje ya dubi sama, ya dubi matarsa, ya dubi lomar nan miya na ɗiga daga jikinta a kan wandonsa. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, irin ta mutumin da aka ci da yaƙi.

Sannan ya buɗe.